Horar da Shugabannin Kamfanoni kan Ɗa'a: Bita Kaɗai Ba Ta Tsare Amana

A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci bankunan kasuwanci su ƙara jarinsu. Bankin da ke hulɗa har ƙasashen waje sai ya mallaki naira biliyan 500, mai aiki a faɗin ƙasa biliyan 200, na shiyya kuwa biliyan 50, aka kuma sanya 31 ga Maris, 2026 a matsayin wa'adi. Tun daga lokacin bankuna suka duƙufa wajen sayar da sabbin hannayen jari, kuma cikin masu saye akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da suka zuba abin da suka daɗe suna tarawa. Bai fi wata uku da wannan umarni ba, ranar 3 ga Yuni, 2024, CBN ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar kuɗaɗen ajiya, NDIC, ta ɗauki nauyin biyan kowane mai ajiya har naira miliyan 5. Wanda kuɗinsa suka haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a ga abin da zai samu.

Abubuwan nan biyu sun dawo da wata tsohuwar tambaya: su wane ne ke yanke hukunci a kan dukiyar jama'a a manyan kamfanoni, kuma me zai hana su cin amana? Amsar da ta fi yawo a 'yan shekarun nan ita ce a horar da su. Kundin ƙa'idojin tafiyar da kamfanoni na 2018, wanda Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Ƙasa ta fitar, ya ƙunshi ƙa'idoji 28, kuma a ciki an buƙaci a riƙa ba daraktoci horo tun daga shigarsu, kamfani kuma ya kasance da rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a. A 2023 CBN ya fitar da nasa sabon jagora ga bankuna. Cibiyar Daraktoci ta Najeriya da Makarantar Koyon Kasuwanci ta Legas da wasu makarantu na shirya kwasa-kwasai kan shugabanci na gari, manyan otal-otal na Abuja da Legas kuma ba sa rabuwa da tarukan bita.

Ba wanda zai ƙi jinin ilimi. Sai dai tarihin kamfanonin da suka durƙushe, a gida da waje, na nuna cewa waɗanda suka kifar da su sun san daidai sun san ba daidai ba. Abin da ya rinjaye su shi ne tsarin da suke aiki a cikinsa: abin da ake saka wa mutum da alheri idan ya yi, da abin da ke samun wanda ya ce a'a. Horon da bai taɓa wannan tsari ba yakan ƙare ne a takardar shaida da hoton rufe taro.

Abin da ya biyo bayan ƙarin jarin 2005

Wannan ba shi ne karo na farko da aka cika aljihun bankuna da sabon jari ba. A 2004 gwamnan CBN na lokacin, Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 sun dunƙule sun koma 25. Kuɗi suka yi yawa a hannun manajoji, gasa ta yi zafi, kowa na son a ce bankinsa ne ya fi girma. Aka riƙa ba mutane rance su sayi hannun jari, wani lokaci ma hannun jarin bankin da ya ba da rancen, farashi ya yi ta hawa ba tare da wani aiki na zahiri ya ƙaru ba. Da kasuwar hannun jari ta faɗi tsakanin 2008 da 2009, har ta yi asarar kusan kashi 70 cikin 100 na darajarta, sai asiri ya tonu.

Ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon gwamnan CBN, Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar: Intercontinental da Oceanic da Union da Afribank da Finbank. Bashin da ya maƙale a waɗannan bankuna kaɗai ya haura naira tiriliyan ɗaya. CBN ya zuba musu naira biliyan 420 don kada su rufta da kuɗin masu ajiya. A watan Oktoba aka sake sallamar shugabannin bankuna uku, jimillar kuɗin ceto ya kai naira biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi munanan basussukan, nauyin da har yau ba a gama saukewa ba. A Agustan 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Spring da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu.

A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a Fabrairun 2010, Sanusi ya lissafa dalilai takwas da suka haddasa rikicin, kuma gazawar shugabanci a cikin bankunan na daga cikin manyansu. Bayanin da ya yi ya nuna yadda shugaban banki kan fi ƙarfin kwamitin daraktocin da ya kamata ya tsawata masa, da yadda ake ba kamfanonin 'yan uwa da abokai rance ba tare da jingina ba, da yadda ake kitsa alƙaluma don su yi kyau a idon jama'a. Mutanen da suka yi wannan aiki ba jahilai ba ne. Ƙwararru ne masu manyan takardu, mambobin ƙungiyoyin sana'a masu ƙa'idojin ɗa'a, wasunsu ma an sha karrama su da lambobin yabo. Tun 2006 kuma CBN ya riga ya fitar da kundin ƙa'idojin shugabanci ga bankuna. Ƙa'ida tana nan a rubuce, wanda zai tsaya a kanta a ɗakin taro ne ya yi ƙaranci.

Kundi mai shafi 64

Haka lamarin yake a ƙasashen da muke kwaikwayon tsarin horonsu. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka, wanda ya durƙushe a ƙarshen 2001, yana da kundin ɗa'a mai shafi 64 da aka raba wa ma'aikata. Jeffrey Skilling, wanda ya shugabance shi, ya yi digiri na biyu a fannin kasuwanci a Jami'ar Harvard. Amma a 1999 kwamitin daraktocin kamfanin da kansa ya jingine wani sashe na wannan kundi domin babban jami'in kuɗinsa ya samu damar gudanar da wasu kamfanoni na gefe da ke ciniki da Enron ɗin. Ta irin waɗannan kamfanoni aka ɓoye bashi aka kumbura riba. Dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fansho, kamfanin binciken kuɗi na Arthur Andersen, wanda ke sa hannu a kan lissafin, shi ma ya bi shi.

Misalin da ya fi kusa da abin da ma'aikatan bankunanmu suka sani shi ne na bankin Wells Fargo. A Satumban 2016 hukumomin Amurka suka ci shi tarar dala miliyan 185, bayan an gano cewa ma'aikatansa sun buɗe asusu da katunan bashi kusan miliyan 2 da sunan abokan hulɗa ba tare da saninsu ba. Daga baya adadin ya kai miliyan 3.5. Bankin ya kori ma'aikata kimanin 5,300. Abin lura shi ne an yi wa waɗannan ma'aikata bita kan ɗa'a, an faɗa musu ƙarara kada su buɗe asusun bogi. Sai dai idan suka fito daga ɗakin bita, manaja na jiransu da adadin asusun da tilas kowa ya kawo a ranar, a ƙarƙashin burin bankin na sayar wa kowane gida hajoji takwas. Wanda ya gaza aikinsa na cikin haɗari, wanda ya cika ya samu garaɓasa. Ma'aikaci ya ji saƙo biyu masu karo da juna, ya bi wanda abincin iyalinsa ya rataya a kai.

Duk wanda ke da ɗan uwa a sashen neman masu ajiya na wani banki a ƙasar nan ya san irin wannan matsi. Ana ɗora wa matashi adadin kuɗin da zai jawo cikin wata uku, ba a tambayarsa ta wace hanya ya bi. Idan shugabannin da suka yanka wannan adadi suka tafi bitar ɗa'a suka dawo ba su taɓa shi ba, bitar ba ta kai ga inda matsalar take ba.

Yadda ake zamewa

Da wuya a samu shugaban da ya tashi da safe da niyyar rusa kamfaninsa. Ɓarna kan fara ne da ƙaramin abu. An kusa rufe lissafin shekara, riba ba ta kai yadda aka yi wa masu hannun jari alkawari ba, sai a shigar da cinikin da bai kammala ba, da tunanin za a cike giɓin baɗi. Baɗi ta zo giɓin ya ninka, ga shi kuma an riga an yi ƙarya sau ɗaya, fitowa fili ya ƙara wuya. A 2006 aka gano cewa an kumbura lissafin kamfanin Cadbury na Najeriya da sama da naira biliyan 13, abin da ya taru cikin shekaru da dama, ba a dare ɗaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma mai haƙa shi kullum gani yake saura kaɗan ya fita.

Abu na biyu shi ne nisa tsakanin mai yanke hukunci da wanda hukuncin zai faɗa wa. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara aƙalla 84 suka mutu a Najeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, wani sinadari da ake amfani da shi a ruwan sanyaya inji, mai lalata ƙoda. Hukumar NAFDAC ta gano cewa an sayo ɗaya daga cikin kayan haɗin ne daga hannun dillalin da ba shi da izini. A 2013 wata babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. A ofis, shawarar inda za a sayi kayan haɗi da ko za a gwada su kafin amfani magana ce ta farashi da lokaci. A gidajen da aka yi makoki kuwa magana ce ta rai. Wanda ke duba takardar farashi ba ya ganin fuskar jaririn, kuma aikin horo na gaskiya shi ne ya sa ya gan ta kafin ya sa hannu.

Abu na uku ya fi shafarmu, wato nauyin baki a gaban babba. Mun taso da girmama na gaba, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin taron daraktoci takan juye ta zama shiru a inda ake buƙatar magana. Daraktan da shugaban kamfani ne ya kawo shi, yake kuma samun alawus da tafiye-tafiye ta dalilinsa, zai yi wuya ya tambaye shi dalilin ba wa kamfanin surukinsa rance. Hausawa na cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A kamfani, bafaden ba sai ya yi zuga ba, shirunsa ma ya isa. Wannan ne ya sa a farkon 2010 CBN ya ƙayyade wa shugabannin bankuna wa'adin shekara 10, don kada mutum ya daɗe har banki ya zama tamkar gidansa.

Horon da ke barin alama

Duk da haka akwai shaidar cewa horo na iya yin tasiri idan an yi shi da gaske. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin ciwon kai na Tylenol da wani ya sa wa guba bayan ya bar masana'anta. Laifin ba na kamfanin Johnson & Johnson ba ne, amma ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa a faɗin Amurka, ya yi asarar kusan dala miliyan 100, ya kuma fito da sabon marufi mai nuna alama idan an taɓa shi. Cikin ɗan lokaci maganin ya dawo da kasuwarsa. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, shekaru kaɗan kafin aukuwar lamarin, shugaban kamfanin, James Burke, ya riƙa tara manajojinsa yana sa su muhawara kan takardar aƙidar kamfanin da aka rubuta tun 1943, wadda ta sa mai amfani da kaya gaba da mai hannun jari. Ya nemi ko dai su yarda da ita su yi aiki da ita, ko a cire ta daga bango. Da ranar gwaji ta zo, an riga an gama gardama kan wa za a fifita.

Wata malamar makarantun kasuwanci a Amurka, Mary Gentile, ta gina tsarin koyarwarta a kan irin wannan fahimta. A ganinta yawancin ma'aikata sun san abin da ya dace, abin da suka rasa shi ne yadda za su faɗe shi ba tare da sun rasa aikinsu ba. Don haka maimakon a yi ta tambayar ɗalibi mene ne daidai, sai a ba shi yanayi na zahiri: maigidanka ya ce ka sauya kwanan wata a kan wannan takarda, me za ka ce masa, da waɗanne kalmomi, wa za ka jawo ya goya maka baya, wace hanya za ka kawo da za ta biya buƙatarsa ba tare da ƙarya ba? Ana maimaita wannan atisaye har bakin mutum ya saba, kamar yadda direba ke koyon taka birki tun kafin ranar haɗari.

Kamfanin Siemens na Jamus ya nuna ɗaya ɓangaren. A Disamban 2008 ya amince ya biya hukumomin Amurka da na Jamus kimanin dala biliyan 1.6 saboda cin hancin da ya bayar a ƙasashe da dama, har da Najeriya. Kafin 1999 dokar Jamus ma ta yarda kamfani ya cire kuɗin da ya ba jami'an ƙasashen waje daga abin da zai biya wa haraji, don haka al'adar ta yi jijiya. Da kamfanin ya tashi gyara, ya horar da ma'aikata masu ɗimbin yawa, amma bai tsaya nan ba. Ya ɗauko sabon shugaba daga waje, ya sauya yawancin manyan jami'ansa, ya yi wa ƙananan ma'aikata afuwa idan suka fito suka faɗi abin da suka sani, ya ƙara yawan jami'an sa ido, ya kuma sa bin ƙa'ida cikin abin da ake dubawa kafin a biya manajoji garaɓasa. Horon ya samu gindin zama ne domin ma'aikaci ya ga manya sun rasa kujerunsu.

Darasin da ke cikin kasuwarmu

Ba sai an je Turai ba kafin a fahimci wannan. A farkon shekarun 1960 wani masanin halayyar al'umma, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa ke fataucin shanu da goro. Ya tarar ana sayar wa mahauta shanu bashi, na kuɗi masu yawa, ba tare da takarda ko kotu ba. Maigidan da ke saukar da fatake shi ne ke tsaya wa cinikin: idan mahauci ya ƙi biya, shi zai biya bafatake daga aljihunsa. Saboda haka masu gida da dillalansu suka san halin kowane mahauci ciki da bai, wanda ya ci bashi ya ƙi biya kuma labari zai bazu, ba wanda zai sake ba shi ko ɗan maraƙi. Maigidan da ya cuci baƙonsa shi ma labarinsa zai riga shi isa Arewa, fatake su ƙaurace wa gidansa.

Ba a tara waɗannan mutane a otal an yi musu lacca ba. Yaro na koyon amana ne ta kallon ubangidansa shekara da shekaru, a cikin tsarin da mai gaskiya ke ƙaruwa, maha'inci kuma ke rasa kasuwa nan take. Abin da ya sauya a yau shi ne girma da nisa. Mai ajiya a Gusau bai san daraktan bankinsa da ke Legas ba, ba shi kuma da hanyar jin labarinsa sai bayan ta ɓaci. Kwamitin daraktoci da masu binciken kuɗi da hukumomin sa ido an ƙirƙire su ne don su yi aikin da sanayya ke yi a kasuwar da. Idan suka gaza, ba abin da ya rage.

Wannan magana ta shafi Kantin Kwari da Singa da Dawanau kamar yadda ta shafi bankuna. Attajirin da ke da yaran shago 30 da sito biyar shugaban kamfani ne, ko da bai yi rajista ba. Shi ke yanke hukunci kan ko za a yi algus, ko za a rage awo, ko za a sauya buhu a ce kayan waje ne, ko za a ɓoye hatsi a jira tsada. A Fabrairun 2024, lokacin da farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, 'yan kasuwa kuma suka musanta. Ko ma wa ke da gaskiya, rikicin ya nuna babu wata ƙa'ida da ɓangarorin suka yarda da ita kan inda ajiyar kaya ta halal ta tsaya, inda ƙuntata wa jama'a ya fara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da cibiyoyin ciniki ne suka fi dacewa su zauna su tsara irin wannan ƙa'ida da harshen da mambobinsu ke ji, su koyar da ita, su kuma hukunta wanda ya karya ta, tun kafin hukuma ta zo da kwaɗo.

Hannun da ke karɓa

Ma'aikacin gwamnati ma ba ɗan kallo ba ne a nan. Tsakanin 1995 da 2004 wata gamayyar kamfanonin waje huɗu ta ware kimanin dala miliyan 180 don ba jami'an Najeriya cin hanci, domin samun kwangilar gina masana'antar iskar gas ta tsibirin Bonny, mai darajar sama da dala biliyan 6. A 2009 kamfanonin Halliburton da KBR suka amince su biya hukumomin Amurka dala miliyan 579 a kan wannan batu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗan kwangilar da ya fito daga bitar ɗa'a ya tarar fayil ɗinsa ba zai motsa daga tebur ba sai ya ba da wani abu, horonsa zai ci karo da bango. Haka jami'in da ke son tsare gaskiya zai sha wuya idan duk masu neman aiki sun saba zuwa da ambulan. Shi ya sa horon da ya fi ma'ana shi ne wanda ke haɗa jami'an sayen kaya na ma'aikatu da 'yan kwangila a zaure ɗaya, a kan dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da yadda ake kauce mata a aikace.

A nan ne masu shakka ke da hujja mai ƙarfi. Suna cewa a kasuwar da kowa ke ha'inci, mai gaskiya shi kaɗai ne zai karye, don haka koya wa mutum ɗa'a tamkar ɗaure masa hannu ne a tura shi dambe. Akwai gaskiya a ciki, musamman a ɗan gajeren lokaci. Amma abin da hujjar ke nunawa shi ne gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Idan manyan kamfanonin wani fanni suka haɗu suka daina bayarwa tare, mai nema ba shi da inda zai juya. Sannan hukunci ne ke sauya lissafin. An yanke wa Cecilia Ibru ta bankin Oceanic ɗaurin wata shida a Oktoban 2010, tare da ƙwace kadarorin da aka ƙiyasta a kan kimanin naira biliyan 190. Shari'ar Francis Atuche na Bank PHB kuwa sai a Yunin 2021 wata kotu a Legas ta same shi da laifi a kan naira biliyan 25.7, kusan shekara 12 bayan cire shi. Matashin manajan da ke kallon irin wannan jinkiri yana ɗaukar darasi, kuma darasin ya fi na kowace bita shiga kai.

Haka batun masu fallasa. A Disamban 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin ba wanda ya tona asirin sata ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100 na abin da aka ƙwato. Amma shekaru suka shuɗe tsarin na nan a matsayin manufar gwamnati, ba tare da cikakkiyar dokar Majalisa da za ta kare mai fallasa daga kora ko tsangwama ba. Ba adalci ba ne a koya wa akawu cewa wajibinsa ne ya yi magana, alhali an san idan ya yi shi kaɗai zai ɗanɗana kuɗarsa.

Ma'aunin da za a riƙe

Mai hannun jari da mai ajiya da ma'aikaci suna da hanyar gane ko horon da kamfani ke tinƙaho da shi na gaske ne. Da farko a duba wa ke zama a ajin. Idan ƙananan ma'aikata ake turawa, shugaba kuma ya zo ya buɗe taro ya fice, an fara daga inda bai dace ba. Sai a duba abin da ake tattaunawa: labaran kamfanonin ƙetare kaɗai, ko kuwa kurakuran da shi kansa kamfanin ya taɓa yi? A tambaya ko an taɓa rage adadin da ake ɗora wa ma'aikata saboda an ga yana tura su ga ha'inci. A tambaya ƙorafi nawa aka samu ta hanyar fallasa a bara, me aka yi a kai, kuma ina waɗanda suka kawo su suke yanzu. Kamfanin da ya ce bai samu ko ɗaya ba, ya fi kusa da a ce ma'aikatansa tsoro suke ji.

A kuma tambaya ko an taɓa karɓe garaɓasar wani babba bayan an gano ribar da aka biya shi a kanta ta bogi ce. Kundin 2018 ya ba kamfanoni shawarar su tanadi wannan hanya. Wells Fargo, bayan matsin lamba, ya karɓe kimanin dala miliyan 69 daga tsohon shugabansa, John Stumpf. Taron shekara-shekara na masu hannun jari shi ne wurin yin waɗannan tambayoyi, kuma ƙananan masu hannun jari, waɗanda su ne suka fi shan wuya a 2011, sun fi kowa haƙƙin yin su maimakon a sallame su da ƙunshin abinci da lema.

Ƙasa da shekara huɗu ke tsakanin kammala ƙarin jarin 2005 da sallamar shugabannin bankuna a 2009. Yanzu an sake tara jari mai yawa, kuma matsin nuna wa masu shi riba cikin gaggawa zai dawo kamar yadda ya zo a wancan karo. CBN da hukumar kula da kasuwar hannun jari na da damar su daina ƙirga yawan bitar da daraktoci suka halarta, su koma duba rancen da ake ba na jiki, da yadda ake biyan manya, da abin da ke samun wanda ya ƙi sa hannu. Idan mai ƙin sa hannu ya ga an ƙara masa girma, sauran ma'aikata za su koyi ɗa'a ko ba a kai su otal ba.